'Yar ƙwayar Aldactone da masu ciwon zuciya ke rainawa

Duk wanda likita ya ce masa zuciyarsa ta yi rauni, ba ta harba jini yadda ya kamata, zai fito asibiti da leda cike da magani, kuma sau da yawa a ciki akwai wata 'yar mitsitsiya, spironolactone, wadda aka fi sani da Aldactone. Na lura mutanenmu sun ɗauke ta maganin fitsari kawai irin Lasix, da kumburin ƙafa ya saɓe sai a jefar da ita gefe. Wallahi abin nan yana damuna, don aikinta ya wuce fitar da ruwa nesa ba kusa ba.

Idan zuciya ta gaza, jinin da ke isa ƙoda raguwa yake, sai jiki ya zaci jini aka zubar, sai wasu 'yan ƙananan sassa da ke zaune saman kowace ƙoda su dinga fitar da sinadarin aldosteron, shi kuma ya sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa tana zubar da fotasiyam, wani sinadari da ke cikin jini, a fitsari. Ga mai gudawa ko wanda ya yi haɗari wannan taimako ne, amma zuciyar da dama a gajiye take an ƙara mata kaya ne kan kaya, ƙafa ta kumbura, ruwa ya taru a huhu, mutum ba ya iya bacci sai ya jera filo uku. Kuma aldosteron bai tsaya nan ba, yana sa naman zuciyar ya dinga yin tabo yana ƙanƙamewa a hankali, wannan kam ba a gani da ido. Magungunan zuciya irin su lisinopril suna rage aldosteron da farko, amma a wasu mutanen bayan watanni sai ya sake tashi. Ita spironolactone wurin da yake maƙalewa take toshewa, ko yana yawo a jini ba inda zai kama.

A 1999 aka fitar da sakamakon binciken RALES, mutum 1,663 masu ciwon mai tsanani, aka ƙara wa rabinsu spironolactone miligiram 25 a rana kan maganin da suke sha, mutuwa ta ragu da kashi 30 cikin 100, har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Miligiram 25 fa, wanda ko fitsarin kirki ba ya ƙarawa, kun ga ba zancen ruwa ba ne kawai. Daga baya 'yar uwarta eplerenone ta nuna amfani a 2003 ga waɗanda zuciyarsu ta yi rauni bayan jijiyar zuciya ta toshe, sai kuma a 2011 ga masu ciwon da bai yi tsanani ba.

Toh amma tana da nata. Kusan ɗaya cikin maza goma a RALES nononsu ya kumbura ko ya yi zafi, kuma namiji kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba sai dai ya daina sha shiru. A faɗa wa likita, eplerenone ba ta cika yin haka ba, sai dai tsada.

Babban abin tsoron shi ne fotasiyam, tunda yanzu ba ya fita kamar da, idan ya taru da yawa yakan hargitsa bugun zuciya ba tare da mutum ya ji wata alama ba. A Ontario ta Kanada bayan RALES likitoci sun rubuta ta sosai, sai aka ga masu kwanciya asibiti saboda hawan fotasiyam sun ƙaru. Shi ya sa ake gwajin jini na ƙoda da fotasiyam kafin a fara, a sake bayan kamar sati ɗaya, sannan bayan wata, a ci gaba lokaci-lokaci, kuma idan fotasiyam ya haura 5.0 a gwajin ba a farawa ma. Na san kuɗin gwaji yana ciwo, amma gaskiya shan ta babu gwajin nan ganganci ne. A guji diclofenac da ibuprofen ɗin kemis, da gishirin nan na masu hawan jini da ake haɗawa da fotasiyam, idan amai ko gudawa ta kama mutum kuma a tuntuɓi likita ranar. Mai ciki ba a ba ta.

Masu jego kuma da zuciya ke kumbura bayan haihuwa, abin da ya yi yawa a arewa, ana ba su ita. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ciwon da kunun kanwa da wankan jego, kuma kanwa cike take da sodiyam irin na gishiri, don haka mai jegon da ke kan maganin zuciya a bar dama mata shi.