Godiya ga waɗanda suka tallafe ni a tsibirin Gozo

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, na dawo Birmingham lafiya, sai dai ƙafar hagu tana cikin filasta. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yi mini afuwa, ga bayanin nan gaba ɗaya.

Hutun mako guda da makarantun Ingila ke bayarwa a ƙarshen watan Mayu muka ce bari mu sha iska, ni da maiɗakina, muka tafi Malta, 'yar ƙasar nan da ke tsakiyar Bahar Rum, kudu da Sisili. Tafiyar awa 3 da 'yan mintuna ce a jirgin sama. Daga nan muka haye ƙaramin tsibirinsu, Gozo, a jirgin ruwan da ke tashi daga Cirkewwa, kamar minti 25 a kan ruwa. Ranar Alhamis muka je kallon ramukan gishiri da aka sassaƙa a jikin dutse bayan Marsalforn, inda ake tara ruwan teku rana ta busar da shi. Garin neman wurin ɗaukar hoto na taka gansakuka a gefen dutse. Ƙarar da na ji a idon sawuna ta ishe ni bayani.

Godiyata ta farko ga dattijon da ke sayar da gishiri a wurin. Baba, ban san sunanka ba, kuma na san ba za ka karanta Hausa ba, amma dole in faɗa. Shi ya hana ni yunƙurin tashi, ya kawo lema ya kare ni daga rana, ya kira 112, lambar neman agajin gaggawa. Ya tambaye ni shekaruna da Turanci, na ce 50, sai na ji ya faɗa wa wayar da harshensu: hamsin. Duk da azabar da nake ciki sai da na ɗago kai. Kafin motar asibiti ta iso mun zama ɗalibin juna: ya ce sittin, na ce sittin, ya ce Hamis, na ce Alhamis. Harshen Malta daga Larabci ya samo asali, tun mamayar da Larabawa suka yi wa tsibirin a shekarar 870, mu kuma ta hanyar malamai da fatake muka aro ƙidayarmu da ranakunmu. Kirista ne ɗan Katolika, amma da ya ɗaga hannu yana yi mini addu'a, Alla ya kira. Ni da nake koyar da lissafi shekara da shekaru, ban taɓa jin daɗin ƙidaya kamar ta ranar ba.

Ma'aikatan asibiti, Allah Ya saka da alheri. Sun ɗauki hoton ƙashi, sun gyara karayar, suka tsaga filastar ta gefe saboda kumburi a jirgin sama. Katin lafiya na GHIC (wanda Birtaniya ke ba mazaunanta don ganin likita a ƙasashen Turai) da inshorar tafiya, waɗanda na yi ta ƙorafin ɓata lokaci ne, su suka rufa mana asiri. Hajiya ce ta nace a yi su. Na amsa laifina a bainar jama'a, don Allah a bar maganar haka nan.

Sai ɗan'uwanmu mutumin Agadas. Ranar Juma'a muna ƙoƙarin shiga jirgin ruwa, ni da sandunan dogarawa, ita da akwati biyu, sai muka ji an ce, "Sannu Malam, kawo kayan." Hausarmu ya ji. Aikin gini yake yi a Gozo, zai haye ne don sallar Juma'a a masallacin garin Paola da ke babban tsibirin Malta. Ya ɗauki kaya, ya nema mini kujera, ya raka mu har masauki kusa da filin jirgi, har ya kusa makara sallah. A hanya na nuna masa hoton ramukan gishirin, ya yi dariya ya ce ai wannan wasan yara ne, in je Bilma in gani. Na lura tun da jirgin ya tashi bai kalli teku ba ko sau ɗaya. Daga baya ya ce ta Libiya ya shigo, a kwalekwalen roba. Ni na biya kuɗi don in kalli ruwan nan, shi kuwa ya juya masa baya. Na miƙa masa ɗan abin shan ruwa, ya ce, "Haba Malam, kada ka ɓata mana zumunci." Ƙanena, Allah Ya tsare ka, Ya haɗa ka da mahaifiyarka cikin alheri.

Ina godiya ga shugabar makarantarmu da abokan aikina da suka raba azuzuwana a tsakaninsu, ga shi lokacin jarrabawar GCSE ta kammala sakandare ne, kowa da nasa nauyin. Ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe, na ga katinku, na kuma ga wanda ya zana ni ina faɗuwa. Na gane rubutunsa.

'Yan'uwa na Katsina, ku kwantar wa Inna da hankali, ku ce mata ba sai an turo mai ɗori ba. Likita ya ce mako 6 za a cire filastar. Wanda kuma Allah Ya kai shi Gozo, ya yi mini magana kafin ya tashi: akwai ƙullin gishirin da Baba ya tura cikin jakar Hajiya ba mu biya ba, ina so in aika masa da hular zanna.