Notch sau biyu: yadda ƙudan Drosophila ke zaɓen tushen gaɓoɓin jinsa

Ɗan tayin ƙudan Drosophila yakan ƙyanƙyashe cikin kusan awa 22 a zafin digiri 25 na ma'aunin Celsius, amma tun a mataki na 10 zuwa 12 na girman tayin ake ware tantanan da za su haifar da gaɓoɓin ji na fatarsa. Da farko wani gungun tantani a jikin fata ne yake kunna ƙwayoyin gado na achaete da scute. Kowa a gungun nan ya cancanta. Ɗaya kawai za a ɗauka ya zama tushen gaɓar ji.

Zaɓen kokawa ce. Kowane tantani yana fito da furotin Delta a bayansa, Delta ya taɓa Notch (furotin mai karɓar saƙo) na maƙwabci, a datse Notch, guntunsa ya shige cibiyar tantanin ya haɗu da wani furotin mai suna Suppressor of Hairless. Su biyun su tayar da rukunin ƙwayoyin gado na Enhancer of split, shi kuma ya danne achaete da scute. Wanda ya ɗan fi sauran ƙarfi sai ya rufe bakin maƙwabtansa, ya ƙara kunna ƙwayar gado ta senseless, ya tabbata a matsayin tushe. Ragowar su zauna a matsayin fata. In babu Notch kwata-kwata, gungun duka ya zama jijiya, fata ta yi ƙaranci, tayin ya mutu. Masanin kimiyya Donald Poulson ya bayyana wannan tun shekarun 1930.

Inda masu koyo ke tuntuɓe shi ne, Notch bai gama aiki ba. Da tantanin da aka zaɓa zai rabu, furotin Numb yakan taru a gefe guda, ya faɗa cikin 'ya ɗaya, ya toshe Notch a cikinta. Wadda ta samu Numb ita ke ba da jijiya da kubenta. Ɗayar ta ba da gashin da gurbinsa. A rasa Numb, jijiya ta ɓace, tantanan waje, wato na gashi da gurbi, su ƙaru. Don haka ƙirga jijiyoyi da 22C10, rinin da ke nuna jijiyoyi, kaɗai bai isa hujjar lokacin da Notch ya gaza ba, tunda kashe Notch da wuri yana yawaita tushen, kashe shi a makare kuma yana yawaita jijiya cikin gaɓar ji guda. Sai an haɗa da alamar tantanan gurbi.

Gaɓoɓin jin miƙewar jiki hanyarsu daban: ƙwayar gado ta atonal ke fara su, kuma a kowane gefe na kowane sashen cikin tayin tushe 5 na farko suna janyo wasu 3 ta siginar EGFR (wani furotin mai karɓar saƙo), su cika 8.