Sukwayar oga ce ta karkace, ni aka cire wa kuɗi

Tunda dai yanzu na bar shagon kuma na kama ɗan wajena, bari in faɗi abin da ya daɗe yana cina, ko yaran da ke koyon kafinta za su amfana. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya san shagon ya sani.

Ogan namu mutum ne da zai zuba kuɗi ya sayo injin yanka sabo fil ya ajiye a bakin shago kowa ya gani, amma ka ce a sayo sukwaya, wato ƙarfen nan mai kwana da ake duba daidaiton kusurwa da shi, sai ya kalle ka kamar ka zage shi. Sukwaya ɗaya gare mu, tsohuwa, ta faɗo daga kan benci ba adadi, ribit ɗinta har rawa yake, kuma da ita yara ke ɓare murfin gwangwanin gam. In ka yi magana ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To ido ya san kima a buhun masara, ban da ƙofar wadrof.

Aikin da ya jawo min abin kayan amarya ne, gado da wadrof mai ƙofa huɗu da madubi. Shi ya je gidan ya auno da tef ɗinsa, ya rubuto min lambobi a bayan kwali, wasu a inci wasu a santimita, ni kuma na shata na yanka da kayan shago kamar yadda aka saba. Ranar haɗawa ƙofofi suka ƙi zama, sama ta haɗe ƙasa ta buɗe baki, ka ɗaure wannan hinji wancan ya ja. A gaban Hajiya uwar amarya da ƴanuwanta mata ya wanke ni tas, wai shekara nawa ina cin tuwonsa ban iya jan layi ba, kuma ƙarshen wata ya cire kuɗin allon katakon MDF biyu daga abin da yake ba ni, wanda dama bai taka kara ya karya ba.

Washegari na ɗauki falanki mai miƙaƙƙen baki na kafa sukwayar na ja layi, na juya ta ɗaya ɓangaren na sake ja daga wuri ɗaya. In sukwaya lafiyarta lau layukan biyu hawa kan juna suke. Namu suka rabu kamar bakin almakashi, wajen mili (milimita) 2 a sama, ma'ana ita kanta ta kauce da mili 1 kenan tunda juyawar ninka kuskuren take. Mili 1 a tsawon santimita 30 kamar ba komai ba, amma in ka bi wannan layin har tsawon ƙofa mai santimita 180 ya zama mili 6, kuma mili 6 ko makaho ya shafa zai ji. Na kai masa falankin, ya duba ya ce yanzu kai za ka koya min aiki? Kuɗina dai har yau shiru. Abin da ya fi min ciwo ma bayan sati sai ga sabuwar sukwaya a shago, ba wanda ya ce uffan.

Daga nan na fara tara nawa kayan awo, kuma duk wanda zai je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ko Panteka in a Kaduna yake, dan Allah ya tafi da fensir da guntun falanki ya yi wannan gwajin a gaban mai kaya kafin ya biya. Kar ka ji kunya. Sabuwa a leda ma tana zuwa a karkace, sai ka gwada uku kafin ka samu ta kirki, kuma tsada ko ƙyalli ba sa nuna komai. Ni ƙarama da babba gare ni, kuma ba na ba da aro ko wa ye.

Tef ma akwai magana. Ɗan ƙarfen bakinsa da ke motsi da gangan aka yi shi haka, motsin daidai kaurinsa ne, don awon ya fito ɗaya ko ka maƙala shi a waje ko ka tokara shi daga ciki. Ogan namu da hama ya daddake nasa wai ya yi sako-sako. Don haka tef ɗin da aka auna ɗaki da shi, da shi za a yanka, in kuwa dole biyu ne a shimfiɗa su gefe da gefe a gani ko bakinsu ɗaya. Sannan ka zaɓi ɗaya, inci ko mili, inci ɗaya mili 25.4 ne, kuma allon da ake ce wa tiri-kwata, wato mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, ba lallai ya kai mili 19 ba, auna kaurinsa da kanka kafin ka yi lissafi.

Sauran ƙanana ne. Fensir a feƙe shi sosai, layi mai kauri ƙarya yake, in aikin haɗi ne ma gara bakin wuƙa. Zarton inji yana cin wajen mili 3, yanka ta gefen da za a yar. Geji, wato abin shata layi daga bakin katako, ya fi tef in layi ɗaya za ka maimaita a katako goma. Babban aiki kuma kar ka dogara da sukwaya kaɗai, auna kwana zuwa kwana a gicciye ta ɓangare biyu ka ga sun zo ɗaya, ko daga kwana ka auna 60 ta gefe ɗaya da 80 ta ɗayan ka ga tsakaninsu ya ba ka 100.

Yanzu yara biyu gare ni a wajena, kowa na saya masa tef ɗinsa na rubuta sunansa a jiki, sukwaya kuma duk ranar Asabar tare muke gwada ta kafin a share shago. Ogan kuwa muna gaisawa in mun haɗu a ƴan katako na Na'ibawa, kwanaki ma ya turo min wani aikin kicin da ya ce ya yi masa yawa, na karɓa, amma na ce ni zan je in auno da kaina.