Ashe ba taifod ba ne

Har gobe in na ji an ce wa wani "taifod ne da maleriya", sai raina ya ɓaci. Fiye da shekara na yi ina haɗiyar maganin ciwon da ba ni da shi, duk saboda wata 'yar takarda da ake miƙo mini a ɗakin gwaji an zagaye lambobinta da jan biro.

Ni malamar firamare ce a nan Sakkwato. Da faɗuwar gaba abin ya fara: ina zaune, ban yi gudu ba, ban ji mugun labari ba, zuciya na ta dukan uku-uku. Sai rama ta biyo baya. Ina tashi da malmala biyu ta tuwo in ɗora fura a kai, amma kullum zani sai ƙara zagaye ni yake yi. Barci ya ƙaurace. Ga zufa, to amma wa zai kai ƙarar zufa a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu? Sai da hunturu ya shigo, kowa na ƙudundune cikin bargo ni ina neman a kunna mini fanka, sannan Inna ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, mi ka damun ki? Wagga zuhwa cikin ɗari?"

Hanyar kowa ya san ta. A hau kabu-kabu a je a ɗebi jini, a dawo da sakamakon gwajin taifod da ake kira Widal, mai kemis ya duba ya gyaɗa kai, a ɗauro ƙwayoyi. In ba a ji sauƙi ba a koma allura, in ta ƙi a sa ƙarin ruwa. Nakan ɗan ji dama, tunda dai na kwanta na huta, sai a ce magani ya karɓe ni. Ina komawa aji komai ya dawo, a ce taifod ɗin ne bai gama fita ba.

Daga baya na fahimci yadda gwajin yake. Wani likita ɗan Faransa ne ya fito da shi tun 1896, kuma gwajin ba ƙwayar cutar yake gani ba. Alamar da garkuwar jiki ke bari in ta taɓa karo da ita yake nema. A wuri irin namu, mutane da yawa masu ƙoshin lafiya za su iya nuna wannan alama, maleriya ma kan sa ta fito. Gwajin da ya fi tabbatar da taifod shi ne a shuka jinin a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Ni ba a taɓa yi mini shi ba. Kai, ko ma'aunin zafi ba kasafai ake sa mini ba, alhali taifod ciwon zazzaɓi ne. Jikina ɗumi yake yi kawai.

Ciwon da ba shi da suna kowa likitansa ne. Wasu suka ce damuwa ce, wai ko maigida ne zai ƙara aure. Wasu suka ce iska, wasu sammu, musamman da na zama mai saurin fushi, yaro ya yar da fensir in daka masa tsawa har ni ma in ji kunya. Da ramar ta yi yawa na lura da irin kallon da ake yi mini a gidan suna. Na yi gwajin ƙanjamau, na yi na suga, na yi na tarin fuka, duk babu. An yi mini ruƙiyya, na sha rubutu, kuma ba na raina su, domin addu'a ce ta riƙe ni a darare masu tsawo. Malamin da kansa ya ce wa maigida a haɗa da babban asibiti.

A asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wata likita ta bar ni na yi magana har na gama. Ta kama wuyan hannuna tana duban agogo: bugu 124 a minti ɗaya, inda na mai lafiya a zaune bai kamata ya wuce 100 ba. Ta ce in miƙe hannuwana, ta ɗora fallen takarda a bayansu. Takardar nan ta dinga kaɗawa, ina kallo. Ni da na daɗe ina ɗora laifin karkataccen rubutuna a allo kan yunwa! Ta ba ni ruwa ta ce in kurɓa in riƙe, ta zagaya bayana ta dafa gaban wuyana, ta ce, "Malama, haɗiye." Sai ta tambaye ni ko an taɓa ce mini idanuna sun firfito.

Tayirod ne, ƙullutun nan na gaban wuya da in ya kumbura muke ce masa maƙoƙo. Nawa bai kumbura yadda za a gani daga nesa ba, aiki yake yi fiye da kima, yana ta iza wutar jiki. Gwajin jini ya nuna TSH, sinadarin da ke umartar tayirod ya yi aiki, ya faɗi ƙasa warwas, T4, sinadarin da tayirod ɗin ke fitarwa, ya haura. Cutar Graves ake ce mata, kuma ta fi kama mata nesa ba kusa ba. Gwajin ba arha ba ne, amma bai kama ƙafar abin da allurai da ƙarin ruwa suka cinye mana ba. Duk lokacin da na tuna haka sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji.

In kina fama da irin wannan, sami littafi ki riƙa rubuta abin da kike ji, har wanda kike ganin bai da alaƙa ko kike jin nauyin faɗa, kamar rikicewar al'ada da yawan zagayawa. Ni kowane likita guntun labari nake ba shi, shi ya sa wanda na faɗa wa faɗuwar gaba ya auna hawan jini, wanda na faɗa wa rama ya nemi suga. Takardun gwaji ki tara su a jaka ɗaya ki je da su. In kuwa aka sake ce miki taifod, ki yi ladabi ki tambaya: "Likita, in ba shi ba ne fa, me kuma zai iya zama?"

An sa ni kan carbimazole, mai rage aikin tayirod, da propranolol don lafar da bugun zuciya. Bugun ya sauka da wuri, ƙiba ta dawo a hankali, idanun ne dai har yanzu ba su koma daidai ba. Carbimazole magani ne na wata 12 zuwa 18, ana bin sa da gwaji ana rage shi. Abu biyu likitar ta ja mini kunne a kai. In ina neman ciki ko na samu, in sanar da ita da wuri, domin akan sauya maganin a farkon ciki. In kuma zazzaɓi ya zo da ciwon maƙogwaro, in ajiye ƙwayar carbimazole a ranar in taho a ƙirga mini ƙwayoyin jini, saboda a wasu 'yan tsiraru tana karya garkuwar jiki. Ta ce kada in kuskura in biya ta kemis.