Sa'o'in jirgi mai inji biyu: a wane gurbi ake rubuta su?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon tuƙin jirgi, na nan gida Katsina da waɗanda ke Zariya da Ilori da ƙasashen waje. Ga inda aka kwana.

Na zo gida hutu. Horon inji biyu ya yi nisa, amma ba a kai ga jarrabawa ba tukuna. Lasisina na matuƙi mai zaman kansa daga Amurka yake, kuma har yau abin da ke rubuce a jikinsa izinin jirgi mai inji ɗaya ne kawai. Jirgin da nake koyo da shi Piper Seminole ne, inji biyu, kowanne ƙarfin doki 180. Tashi da sauka sun zauna a hannu, alhamdu lillahi. Naɗe tayoyi da sauke su ma ya zama jiki. Inda nake gumi yanzu shi ne mutuwar inji.

Wanda bai taɓa ji ba, ga yadda abin yake. Kuna cikin hawa, malam ya miƙa hannu ya ja totur ɗin hagu baya bai ce uffan ba. Nan take hancin jirgin ya fizga hagu, sai ka ji ƙafarka ta dama ta nutse a kan feda, wadda ke juya hancin jirgi, tun kafin tunani ya iso. Ƙafar hagu kuwa tana zaune ba aiki, to gefenta ne injin ya mutu. Ka tura duk sandunan sarrafa inji gaba, ka naɗe tayoyi da filaf, wato ɓangaren bayan fiffike mai sauka, ka tabbatar da injin da kake zargi ta hanyar jan totur ɗinsa, sannan ka juya fikafikan farfelarsa su tsaya da gefe don su daina tare iska. Ka ɗan karkata jirgin kaɗan wajen injin mai rai. Idonka duk yana kan agogon gudu, wanda ke da layuka biyu da ba ka san su ba a jirgi mai inji ɗaya: shuɗi a kan not 88, wato mil na teku 88 a awa, gudun da ya fi ba ka hawa da inji ɗaya, da kuma ja a kan 56, wanda in ka faɗa ƙasa da shi feda ba za ta iya riƙe hancin jirgin ba. Bayan minti biyar a haka cinyarka rawa take.

Duk wannan aikin da hannuna da ƙafata nake yin sa, a kujerar hagu. Amma ko minti ɗaya daga cikinsa bai shiga gurbin babban matuƙi a littafina ba, wato gurbin da aka rubuta PIC a samansa. Yana shiga gurbin inji biyu, da gurbin horo tare da malami, da jimillar sa'o'i. Shi ke nan. Kuma wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin tun da na dawo ƙannenmu biyu sun tare ni da tambaya iri ɗaya, wato a wane gurbi ake rubuta sa'o'in inji biyu kafin a samu izini, ɗaya ma har gida ya biyo ni a Ƙofar Ƙaura da littafinsa a hannu.

Dokar Amurka a sashe na 61.51 ta ce mai lasisi zai iya rubuta sa'o'in babban matuƙi idan shi kaɗai ne ke sarrafa jirgin, amma da sharaɗin jirgin ya kasance wanda yake da izininsa a lasisi. Mutane suna riƙe rabin farko su saki na biyu. Inji ɗaya aji ne, inji fiye da ɗaya aji ne daban. Shi ya sa in na hau Cessna 172 da malami ina tuƙi, zan rubuta horo in kuma rubuta babban matuƙi a lokaci guda, doka ta yarda. In na hau Seminole da malamin nan dai, ranar nan dai, horo kaɗai zan rubuta har sai mai jarrabawa ya sa hannu izinin ya hau lasisina. Akwai ƙofa ɗaya: idan malami ya rubuta maka izinin tashi kai kaɗai a jirgin mai inji biyu, kuma ba kowa a ciki sai kai, to wannan lokacin naka ne a gurbin babban matuƙi. Sai dai kamfanonin inshora ba su cika yarda a sakar wa ɗalibi irin wannan jirgi ba, don haka kada ka gina lissafinka a kai.

Tambayar ɗaya daga cikin ƙannen namu ta fi wannan zafi. Wani yayansa a harkar, mai izinin inji biyu, ya ɗauke shi tafiya, ya sakar masa sitiyari kusan duk hanya. Ya ce min, "Yaya, ai ni na tuƙa, a ina zan sa?" Na tambaye shi ko mutumin malami ne mai lasisin koyar da inji biyu. Ya ce a'a. Na ce to ba inda za ka sa wanda zai ƙirgu. Ba horo ba ne, tunda ba malami. Ba babban matuƙi ba ne, tunda ba ka da izinin ajin. Ba mataimakin matuƙi ba ne, tunda jirgin matuƙi ɗaya yake buƙata. Ka ƙaru da ilimi, ka ji daɗin tafiya, ka gode wa yayanka, amma gurbin sa'o'i ya zauna fari. Na ga ransa bai so ba, kuma na fahimce shi sarai, don duk wanda ya san kuɗin hayar jirgi mai inji biyu na awa ɗaya ya san abin da ake ji idan awa biyu suka wuce a banza a takarda. Duk da haka ban sassauta masa ba. Littafin sa'o'i kamar littafin bashi na ɗan kasuwa yake, ranar da aka kama layi ɗaya na ƙarya sauran shafukan ma sun mutu. Kuma a dokar, rubuta ƙarya a littafin dalili ne na dakatar da lasisi ko ƙwace shi gaba ɗaya.

Ko da malami ne ma, a duba. Sai yana da izinin koyar da inji biyu, kuma a Amurka sai ya yi aƙalla awa 5 a matsayin babban matuƙi a irin wannan jirgin takamaimai kafin ya horar da kai don neman izini. Bayan kowane tashi ya rubuta abin da aka yi, tsawon lokacin, sa hannunsa da lambar lasisinsa. Ni ba na barin filin jirgi sai an cika wannan. Malamai suna samun aiki a kamfanonin jiragen fasinja su tafi, neman sa hannu bayan wata shida wahala ce babba.

Sai batun matuƙin sa ido, wanda ke duba waje yayin da abokinsa ya rufe ganinsa yana atisayen tuƙi da agoguna kaɗai. Da yawa suna ɗauka wannan ce hanya mai araha ta tara sa'o'in inji biyu kafin izini. Ba haka ba ne. Sashe na 91.109 ya ce mai sa idon ma sai yana da izinin ajin jirgin. Bayan ka samu izini kuwa, dokar Amurka ta yarda ku biyu ku rubuta babban matuƙi a tashi ɗaya: shi don yana sarrafawa, kai don kun amince tun a ƙasa cewa alhakin jirgin a wuyanka yake, kuma na tsawon lokacin da ganinsa ke rufe kawai. Turai ba ta san wannan ba. A can tashi ɗaya babban matuƙi ɗaya. Shawarata ga duk mai niyyar dawowa gida ya kai littafinsa gaban NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, don mayar da lasisi: irin waɗannan sa'o'in ka yi musu alama a gurbin bayani, da sunan wanda kuka tashi tare, ta yadda kowace hukuma za ta iya ware su ba tare da ta zarge ka ba.

Tunda an ambaci Turai, bambancin yana da faɗi tun daga ƙofa. Amurka ba ta gindaya adadin sa'o'i don ƙara izinin inji biyu a kan lasisin da kake da shi, ba kuma sabuwar jarrabawar rubutu, malami ya gamsu ya tura ka jarrabawar sama. Turai kuwa tana son awa 70 na babban matuƙi tukuna, da awa 7 na darasi a aji, da awa 6 a sama, wanda uku da rabi daga ciki na mutuwar inji ne zalla. Izinin nata kuma shekara ɗaya yake yi a sabunta. A ganina awa uku da rabin nan ba su yi yawa ba ko kaɗan.

Ƙananan abubuwa, da sauri. Lokacin tashi yana farawa daga sanda jirgi ya motsa da ƙarfin kansa da nufin tashi, ya ƙare sanda ya tsaya bayan sauka, ba daga kunna inji ba. Idan littafinka da agogon UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, ake cika shi, ka tuna namu yana gaba da awa ɗaya. Filayen jirgi ana rubuta su da lambobinsu na haruffa huɗu: Katsina DNKT, Kano DNKN, Zariya DNZA. Tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da ake buƙata kafin ɗaukar fasinja aji-aji ne, saukar da ka yi a inji ɗaya ba ta biya maka ta inji biyu. Seminole tana da tayoyi masu naɗewa da filaf da farfela mai sauya kusurwa, don haka tana buƙatar sa hannun malami na jirgi mai sarƙaƙiya. Amma ba ta cikin jirage masu babban ƙarfi, domin doka inji ɗaya take dubawa ya haura doki 200, ba ta haɗa 180 da 180. Beechcraft Baron 58 kuwa ta shiga.

Abin da na fi son ku riƙa cikawa da kyau shi ne gurbin bayani. Ni ina rubuta wane inji aka kashe, a wane tsayi, kwaikwayo ne da totur ko kashewa ta gaske, da yawan hawan da jirgin ya ba ni da inji ɗaya, da zafin ranar. Dalilina gida ne. Ana koyar da mu cewa rasa inji ɗaya yana cinye kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin hawa, ba rabi ba. Wannan a iska mai sanyi ke nan. Ku ɗauko Katsina a watan Afrilu, zafi ya kai maki 40, gari yana kusan mita 500 sama da teku, iska ta yi sirara. Ƙaramin jirgi mai inji biyu da cikakken kaya a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa da azahar zai iya kasa hawa ko taku ɗaya idan inji ya tafi. Lambobin da na tara a gurbin bayani su nake ɗorawa a kan jadawalin littafin jirgin in ga me zai rage min a irin wannan rana, kuma abin da nake gani yana sa ni son tashin asuba da rage kaya.

Idan na koma, sauran aiki biyu ne: nuna wa mai jarrabawa yadda jirgi ke fara ƙwacewa kusa da jan layi da yadda ake dawo da shi, sai kuma sauka da inji ɗaya ba tare da na yi saurin sauke tayoyi ba. Malam ya ce in waɗannan suka zauna zai rubuta takardar tura ni jarrabawa. Wanda ke horo da Diamond DA42 a cikinku, don Allah ya rubuto mana yadda atisayen mutuwar inji yake a jirgin da kwamfuta ke kula da farfela, ina son in kwatanta da namu. A taya ni da addu'a.