Daga dargaza zuwa tsarkiya: yadda muke sassaƙa baka

Ban kai shekara 12 ba ranar da Baffana ya fara sakar mini gizagonsa. Ya sauko da wani reshen dargaza da ya yi wata 8 a rataye a zaure, ya miƙo mini, ya koma kan buzunsa bai ce komai ba. Ni kuwa don in burge shi sai na bi reshen na sassaƙe shi ciki da baya, ya yi sumul. Baffa ya ɗaura masa tsarkiya, ya ja sau ɗaya, sai ƙas! "Kai yaro," in ji shi, "bayan baka ba a sa masa ƙarfe. Ɓawo kawai za ka ɓare, ka bar shi yadda Allah ya yi shi."

Sai da na girma na gane dalili. In aka ja baka, bayansa miƙewa yake yi, cikinsa kuma ya matse. Ka yanke jijiyar itacen a baya ko da kaurin farce ne, to nan zai tsage. Saboda haka duk aikinmu a ciki yake. Gizago na rage nauyi ne kawai, daga nan sai wuƙa, daga wuƙa sai fasasshiyar kwalba. Nakan ɗaura tsarkiya sako-sako, in sa yaro ya ja kaɗan, ni kuma in ja da baya in duba lanƙwasar. Inda ya yi tauri in shafa gawayi, in kankare, a sake ja. Wani bakan sai ya ci kwana 5 a wannan kaɗai, don dole sama da ƙasa su rusuna daidai. In ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kibiya za ta riƙa kaucewa, maharbi ya yi ta zargin hannunsa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wajen tarbiyyar yara haka ne, amma bakan da aka tanƙwara yana ɗanye, lanƙwasar za ta zauna masa, ba zai ƙara komawa ba, kuma komawar nan ita ce ke tura kibiya. Mu da hunturu muke sara, lokacin da ruwan itace ya ja baya. Mu toshe bakin saran da kakin zuma don kada ya tsage, mu rataye a inuwa aƙalla wata 6. Mai ɗan karkata kuma, a shafe shi da man kaɗanya a gasa a kan garwashi, a miƙar da shi a gwiwa.

Itacen ne ya zama mana ciwon kai yanzu. Da can ni da Baffa muke shiga gefen dajin Rugu, ya yi ta zagaya gindin dargaza guda kamar mai zaɓen amarya, kafin ya nuna reshe ɗaya. Yau wa zai shiga Rugu saboda reshe? Sai dai a aiko mana. Bara na ba wani kuɗin reshe 40, ya rantse mini saran hunturu ne. Da suka iso, rabi duk ƙulli, sauran kuwa yawancinsu na sa farce ruwa ya fito. Guda 9 na tsira da su. Gora ma muna yi da ita, ba ta da nauyi, amma dargaza ta fi ta jure wahala.

Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne masu naɗe ɗanyen itace da jar fata, su sa tuntu, su baje a kasuwa suna kiransa baka. Fatar nan ɓoye aibi take yi. Sai mutum ya zo rumfata ya ce, "Haba Malam, can na ga wanda ya fi naka ado, kuma rabin kuɗin." Nakan ce, "Alhaji, na rataye a falo kake so ko na harbi?" In na falo ne, Allah ya ba da sa'a. Ni ba na kai baka wurin baduku ya naɗe mariƙi sai mai shi ya gan shi tsirara, ya ja da hannunsa.

Mutane sun manta abin da wannan itace ya taɓa yi. A Tabkin Kwatto, a 1804, jama'ar Shehu Usmanu ba su da dawaki sai 'yan kaɗan, 'yan baka ne suka tare dawakin Gobir. Har yau akwai sarautar Sarkin Baka, kuma a hawan Sallah za ka ga 'yan baka a ƙasa da kwari a kafaɗa. Su da mafarauta su ne masu sayenmu na gaskiya, ba sa kuma yawan ciniki, don sun san abin da suke riƙe da shi.

Tsarkiya ta fata nake murzawa, a jiƙa, a murɗe, a rataya mata dutse ta bushe a miƙe. Samari sun fi son igiyar leda don ba ta saki da damina, ina sa musu, amma ƙararta ba ta yi mini daɗi. Kibiya ta kyauro ce, kan kuma wani maƙeri ne abokina yake ƙera mini. Dafi dai kada a tambaye ni, ba na yi, ba na kuma nuna mai yi.

Duk wanda ya sayi baka a wurina sai na ja masa kunne: kada ya saki tsarkiya babu kibiya, kuma in ya gama ya kwance ta, ya rataye bakan nesa da ƙasa saboda gara. Masu son na hawan Sallah su yi magana da wuri, busasshen reshe 14 ne ya rage a zaure, sauran sai saran hunturu mai zuwa.