Ƙawancen birane, abin da aikin tsabtar gari ya koya min

Ina aiki a ɓangaren tsabta na wata meri, wato ofishin magajin gari, a nan Arewa Mai Nisa ta Kamaru, aikinmu shara da bola da yashe kwata kafin damina, kuma a wannan aikin ne na ga yadda ake ƙulla ƙawance tsakanin gari da gari, wato jumlaj ɗin nan da magadan gari ke sa wa hannu ana ɗaukar hoto. Abin ba sabo ba ne, N'Djamena, babban birnin Chadi, ma tun 1980 take da ƙawance da Tulus ta Faransa, ga kuma ƙungiyar magadan gari masu Faransanci da aka kafa a 1979.

Ni dai abin da na lura shi ne duk wanda ya je ziyara yakan dawo da abin da ido ya gani ne kawai. A je Kigali a dawo ana ta santi, titi fes, ba leda ko ɗaya, sai a ce mu ma a hana. To amma Ruwanda ta hana leda tun 2008 kuma tun a filin jirgi ake karɓe ta daga hannun baƙo, sannan ga Umuganda, Asabar ɗin ƙarshen wata kowa ya fito aikin gayya, shaguna a rufe motoci a tsaye. Wa ke biyan masu kwasa, wa ke cin tarar wanda ya ƙi, me mai tumatir za ta ƙulle wa mutum kayansa da shi, waɗannan su ne tambayoyin kuma su ne ba a cika yi ba saboda ba sa fitowa a hoto. Mu ma fa Kamaru ta hana siririyar leda tun Afrilun 2014, amma ka leƙa kwatar kowace kasuwa ka gani, sanda ɗaya za ka sa ka zaƙulo ta dunƙule da yashi da robar ruwa, baƙa ƙirin tana wari.

Wani birni a Turai ya taɓa ba mu kyautar motar kwasar shara mai matse bola da kanta, wallahi mota mai kyau, sai dai sharar su takarda ce da kwali, tamu kuwa rabinta ƙasa ce da toka da kashin awaki saboda tsakar gida ake sharewa, nauyi ya kashe injin matsewar kuma kayan gyaranta babu ko a Marwa, babban birnin yankinmu, sai an yi oda. Ga lungunan unguwanni da ba ta iya shiga. Yaran da ke bi gida gida da amalanke da keke mai ƙafa uku ana ba su ɗan abin da aka yi yarjejeniya a wata, su suka riƙe aikin har yau.

Inda na fi ƙaruwa a kusa ne. A 2010 magajiyar garin N'Djamena Marie-Thérèse Mbaïlemdana ta tsaya tsayin daka kan hana leda, aka ga canji a gari ƙarara, kuma kasuwarsu irin tamu ce, zafin ranar ɗaya, masu awo ɗaya, don haka ko abin da ya yi musu wuya darasi ne gare mu. Wani dattijo a wajen aikinmu, Baba muke ce masa, kullum cewa yake yarona kafin ka hau jirgi ka tsallaka gadar Ngeli da ta haɗa Kusiri ta Kamaru da N'Djamena tukuna, kuɗin babur ne kawai.

Batun ruwa ma ya fi. A Oktoban 2022 da kogunan Shari da Logon suka cika suka batse, unguwannin Walia da Tukra na N'Djamena a ɓangaren Chadi suka nutse, Kusiri ma ta sha, 2024 kuma har gadar garin Yagwa a nan Kamaru ta tafi. Kogi ɗaya ne tsakanin Kusiri da N'Djamena, in wancan gefe ya ɗaga madatsa, wannan gefen ruwan zai nufa, to ashe kamata ya yi masu auna ruwa da masu buhunan yashi na garuruwan biyu su san lambar juna tun watan Yuni. Yanzu in aka ce za a tura tawaga, abin da nake roƙon ogana shi ne a sa direban motar shara ɗaya da makanike da bulama ɗaya a ciki, ko da za a rage masu jawabi.